Ko 'yan caca sun fi mu iya rabon kyautar gasa

Kafin wani ya ga kanun nan ya garzaya ya ce na fara tallar caca, don Allah a daure a karanta har ƙasa. Caca haramun ce, ban taɓa zama wurinta ba, Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Maganar ƙwallo zan yi, ƙwallon da yaranmu ke bugawa a Kankara da Faskari da Sabuwa, da yadda muke raba kuɗin kofi idan an gama.

An kawar da amfanin gona, kuma kun san lokacin gasa ya zo ke nan. Kofin ciyaman, kofin ɗan majalisa, kofin zaman lafiya, kofin tunawa da wane. Ban raina ko ɗaya ba. A yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara a daren 11 ga Disamba 2020, yankin da manomi ke kallon gonarsa daga nesa ba ya iya zuwa, duk wanda ya tara matasa a fili bayan la'asar suna gudu suna dariya ya yi aikin lada. Matsalata da rabon ne kawai.

Bara aka sa ni cikin kwamitin wata gasa. Ba don na iya ƙwallo ba, gwiwata ta daɗe da yin ritaya, sai don an ce ma'aikacin gwamnati ne, zai iya rubuta bayanin taro. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi wanda ya ɗauki nauyi ba, don mutumin kirki ne kuma niyyarsa mai kyau ce. Kulob 32 suka shiga, kowanne ya biya rajista naira 10,000. Mai kofi ya sa naira miliyan ɗaya: na ɗaya 700,000, na biyu 200,000, na uku 100,000. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, ni ma na yi tafi. Ban ga aibin abin ba sai ranar da aka rufe gasa.

Bayan an miƙa kofi, jama'a na watsewa, sai kyaftin ɗin kulob ɗin da ya zo na huɗu ya same ni a gindin bishiya ina haɗa takardu. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Ya durƙusa ya ce, "Yallaɓai, don Allah ko kuɗin mota babu? Direba ya ce ba zai tashi ba sai an cika masa na wancan zuwan." Daga ƙauye suke, tafiyar da ba ta yiwuwa da ƙafa. Sau biyar suna zuwa, don wanda ya zo na huɗu a gasar kulob 32 wasa biyar ya buga, daidai da wanda ya ɗauki kofin. Sau biyar suna ɗaukar shatar mota, kuma kowa ya san abin da kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Da karo-karo suka yi zuwa uku na farko. Na huɗu wani dattijo a garinsu ya sayar da buhun masara ya biya. Na biyar bashi ne. Na duba takardata, babu layin da aka rubuta musu ko sisi. Muka haɗa abin da ke aljihunmu ni da ma'aji muka sallami direba, ga magariba ta kawo kai, ga hanyarsu ba ta dare ba ce. Har suka isa gida hankalina bai kwanta ba.

Bana na ji sun ce ba za su shiga ba. Kuma ba su kaɗai ba.

To a nan ne maganar 'yan caca ta shigo. Akwai wata gasar karta da ake yi duk shekara a Las Vegas ta ƙasar Amurka, sunanta World Series of Poker, tun 1970 ake yin ta. A shekarun farko, har zuwa 1977, wanda ya ci babbar gasar shi ke kwashe kuɗin gaba ɗaya, sauran su tashi da hannu biyu. A 1978 suka canza. Mutum 42 suka shiga a shekarar, kowa ya zuba dala 10,000, wanda ya ci, Bobby Baldwin, ya karɓi dala 210,000, wato rabi, aka raba sauran rabin ga mutum huɗu da ke biye da shi. Daga nan rabon ya ci gaba da faɗaɗa. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, kuɗin rabo ya haura dala miliyan 93, wanda ya zo na ɗaya, Daniel Weinman, ya tafi da dala miliyan 12.1. Ku lissafa, wajen kashi 13 cikin 100 ke nan. Mutum 1,507 aka biya a shekarar, na ƙarshensu ya karɓi dala 15,000.

Ba tausayi ne ya sa su yin haka ba. Waɗannan mutane ne da sana'arsu ita ce cinye kuɗin juna. Lissafi suka yi: idan mutum ɗaya ke kwashe komai, masu ƙaramin ƙarfi za su zo sau ɗaya, sau biyu, su ga ba riba, su daina zuwa, gasar ta koma ta ƙwararru ƙalilan, ta mutu. Idan kuwa mutum ya san ko bai kai ƙarshe ba zai iya mayar da abin da ya kashe, baɗi zai dawo har da abokinsa. Mutanen da ba su yi don Allah ba sun gane wannan don aljihunsu. Mu da muke cewa don zumunci da zaman lafiya muke yi, mu ne muke ba mutum ɗaya kashi 70 cikin 100.

Wani zai ce ai wannan karta ce, ƙwallo daban. To mu koma ƙwallon. Kofin duniya na 2022 a Qatar, dala miliyan 440 FIFA ta raba. Ajantina da ta ɗauki kofi ta samu miliyan 42, ko kashi 10 cikin 100 bai cika ba. Faransa miliyan 30, Kuroshiya 27, Maroko da ta zo ta huɗu, irin matsayin yaran can nawa, miliyan 25. Qatar kanta, wadda ta sha kashi a duk wasanninta uku, ta samu miliyan 9. Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, wanda suka doke mu 2 da 1 a Abidjan (har yanzu abin na ci mini rai), su sun karɓi dala miliyan 7, Najeriya miliyan 4, Afirka ta Kudu da Kwango kowacce miliyan biyu da rabi. Na ɗaya ko ninkin na biyu bai yi ba. A gasarmu na ɗaya ya ninka na biyu sau uku da rabi, ya ninka na uku sau bakwai, na huɗu kuwa sai godiya.

Abin da ya fi damuna ba ma kuɗin motar ba ne. Irin halin da wannan rabo ke koya wa yara ne. Ku duba duk rigimar da kuka taɓa gani a filin ƙwallon unguwa, ku tuna a wane wasa aka yi ta. Da wuya a zagayen farko. Kusan kullum a wasan kusa da na ƙarshe ne, ko a fainal. Me ya sa? Saboda a nan ne tazarar take. Wanda ya ci wasan kusa da na ƙarshe ya tabbatar da 200,000 a aljihu, yana hangen 700,000. Wanda aka ci yana iya tashi a tutar babu. Busa ɗaya ta alƙalin wasa, fanareti ɗaya da ya bayar ko ya hana, ta zama ta rabin miliyan. Shi kuma alƙalin an ba shi abin da bai kai kuɗin man babur ɗinsa ba, babu ɗan sanda, babu katanga, 'yan kallo na tsaye a kan layi. Sannan mu zo muna mamaki don an bi shi da jifa, ko don an ji wani ya same shi da dare. A gasarmu ta bara sai da aka tsayar da ɗaya daga wasannin na kusan rabin awa, dattawa suka shiga fili da manyan riguna suna ba da haƙuri. Yaran da ke zagin juna ranar, wasunsu ajinsu ɗaya a sakandare.

Sai kuma sojojin haya. Idan kyauta ta kai 700,000, ya zama riba ga mai kulob ya ɗauko 'yan wasa biyar daga Funtua ko Zariya ko cikin Katsina, ya yi musu rajista da sunan 'yan unguwa, ya biya su, ya ci kofi, ya ajiye canji. Yaran unguwar da suka yi ta atisaye tun damina suna benci suna kallo. Kulob ɗin ƙauye daga wajen Yankara ko Dungun Mu'azu ko Yargoje, wanda da ƙyar ya haɗa riguna iri ɗaya, da wa zai kara? Kowa ya san ana yi, kwamiti ma ya sani, amma ana shiru don wasan ya yi armashi ranar da mai kofi zai zo.

Akwai wani abu kuma da na ji daga bakin yaran da kansu, wanda ya ba ni dariya kafin ya ba ni tausayi. Wani lokaci kyaftin biyu da suka kai fainal sukan haɗu a ɓoye kafin wasa su yi alƙawari: duk wanda ya ci, za a haɗa kuɗin na ɗaya da na biyu a raba kusan daidai, kofi kawai za a buga wa. Abin mamaki, 'yan kartar can ma suna yin haka a gasanni da yawa idan an rage mutum biyu ko uku a tebur. Ni ban ga laifin yaran ba. Gyara suke yi wa kwamiti. Suna gaya mana cewa tsarin da muka zauna muka rubuta bai yi ba, shi ya sa suka yi nasu a bayan fage.

Bari in taɓa kyautar babur, don ita ce ta fi kowacce kyau a hoto. A ɗaura mata kyalle, a tura ta tsakiyar fili, a yi ta ɗaukar bidiyo. To kulob mutum goma sha takwas ne da koci. Wa zai hau? Ƙarshenta a kai ta kasuwa a sayar ƙasa da kuɗinta saboda gaggawa, ko mai kulob ya ce ai shi ya sayi riguna da ƙwallo, ya tura ta gida. Na san kulob ɗin da ya ci kofi ya watse cikin mako biyu a kan babur. Wanda ya rasa kofin yana nan har yau.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma da miliyan ɗayan nan dai, ba a ƙara ko kwabo ba. Na ɗaya 300,000 da kofi. Na biyu 200,000. Na uku 130,000, na huɗu 90,000. Huɗun da aka fitar a kwata fainal kowanne 40,000, 160,000 ke nan. Takwas da suka ci wasansu na farko aka fitar da su a zagaye na biyu kowanne 15,000, wato 120,000. Ku haɗa, miliyan ɗaya cif. Kulob 16 cikin 32 sun koma gida da wani abu, kuma kowane mataki ya fi na bayansa, babu inda aka yi tsalle daga babu zuwa dukiya. Ban ce lallai waɗannan alƙaluma ba, kowace gasa da girmanta. Amma a ganina na ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma kada ya ninka na biyu.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a kwamiti. Wani abokina ya ce, "Malam, in ka rage kuɗin na ɗaya ka kashe zafin gasar." Haba dai. Wanda ya taɓa ganin yadda ake zagaya gari da kofi a kan babura, ana oda, mata na guɗa daga cikin gida, ya san ba don kuɗi kaɗai ake buga fainal ba. Muna yara mun buga gasar da kyautarta ɗan akuya ne da katan ɗin lemo, kuma har yau akwai wanda ba ya gaishe ni da daɗi saboda ƙwallon da na ci su. Naira 100,000 tsakanin na ɗaya da na biyu ma ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya fi mafi ƙarancin albashi na 70,000 da ma'aikaci ke jira wata guda.

Amma akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsa, kuma na yarda da ita. Idan aka baje kuɗin gaba ɗaya, kowa ya samu daidai ko ya ci ko bai ci ba, za a samu masu yin rajista don karɓar kaso kawai, su haɗa yara goma sha ɗaya a tasha, a ci su takwas, su karɓa su tafi. Shi ya sa a lissafina wanda aka fitar a wasan farko ba shi da kaso a kyauta. Sai ka ci wasa ɗaya tukuna. Su ma 'yan kartar ai kusan 85 cikin 100 ba sa samun komai. Adalci ba shi ne kowa ya samu daidai ba.

Ƙorafi na biyu shi ne na masu kofi, kuma shi ne mai wuya. Ɗan siyasa yana son a ji adadi mai nauyi a lasifika. "Dubu ɗari bakwai" ya fi "dubu ɗari uku" daɗin faɗa. Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne, ba na siyasa, amma lissafi ɗaya zan ba ka kyauta. A tsarin farko gari ɗaya ne zai yi maka addu'a, biyu su yi shiru, ashirin da tara su tafi suna ƙunƙuni. A tsari na biyu garuruwa da unguwanni goma sha shida ne za su ce wane ya san darajar mutane. Ka zaɓa.

Kuɗin rajista kuma, 320,000 a misalinmu, bai kamata ya shiga kyauta ba ko kaɗan. Dalili na farko na addini ne. Abin da muka ji daga malamai shi ne, idan wani na gefe ya sa kyauta, maganarta daban, idan kuwa masu gasar ne da kansu suka tara kuɗin wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa na ganin an shiga gonar caca. Akwai ƙananan gasanni a unguwanni da haka ake yin su, babu mai ɗaukar nauyi, kuɗin rajista ne kyautar. Masu shirya irin wannan su je su zauna da limaminsu kafin su buga takarda. Dalili na biyu, akwai aikin da kuɗin zai yi: a biya alƙalan wasa abin da zai sa su ji kunyar karɓar na wani, a sayi ƙwallaye da raga, a ajiye akwatin magani da ma'aikacin lafiya a bakin fili, a ba jami'an tsaro na ruwa. Abin da ya rage a tallafa wa kulob ɗin nesa da shi a kuɗin mota, gwargwadon nisa. Wanda ya fito daga bayan masallacin Juma'a da wanda ya taso daga Ruwan Godiya ba gasa ɗaya suke bugawa ba in dai ta fuskar aljihu ne. Kuma a sa wasannin 'yan nesa da wuri, su kama hanya da rana.

Sannan a rubuta komai kafin a buga ƙwallon farko. Nawa ne, wa zai samu me, ranar da za a biya, hannun wa za a damƙa. A liƙa a bakin fili, a tura wa kowane kyaftin a WhatsApp. Kuɗin kuma ya shiga hannun ma'aji tun kafin buɗe gasa, a gaban shaidu, ko a asusun da mutum uku za su sa hannu. Dukkanmu mun san labarin katon cek na kwali da ake ɗaukar hoto da shi, yara su kai shi gida su jingine a bango, wata shida suna zarya ana ce musu oga ya yi tafiya. Kuma ranar biya a kira 'yan wasa su tsaya a ƙirga a gabansu. Ba zargin kowa nake ba, amma kuɗin da aka miƙa a ambulan cikin mota yakan rame kafin ya isa gida.

Ba ƙwallo kaɗai ba ma. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986 kuma ake farowa daga ƙananan hukumomi, ita ma a matakinmu na ƙasa nakan ga irin wannan. Na ɗaya ya tafi da babbar kyauta, yarinyar da ta zo ta huɗu a izu sittin, wadda maki ɗaya ko rabi ya raba ta da ta uku, a ba ta takardar shaida da turmin atamfa. Malamin da ya yi shekara da shekaru yana zaune da su a kan buzu kuwa ko sunansa ba a kira. Wannan maganar wata rana ce, kada in tsokano abin da ya fi ƙarfina.

An sake kira na kwamitin bana, zama ranar Asabar bayan azahar. Na buga lissafin nan a takarda guda, zan kai. In an karɓa, to. In an ƙi, zan roƙi abu ɗaya tak, a sa layin na huɗu. Duk mai shirya gasa a Kankara, Faskari, Sabuwa ko Dandume da ke son takardar ya yi mini magana ta inbos in tura masa, ya gyara alƙaluman daidai da kuɗinsa. Wanda kuma ya san yaran can da nake magana a kansu, ya gaya musu su ɗan dakata da yanke shawara zuwa Lahadi.